Tarihin Allon Da Ya Ƙi Karɓar Rubutu



Yau za mu ajiye tarihin sarakuna da fatake, mu ɗauki tarihin wani abu da bai cika tafin hannu ba. Duk mai ƙane ko ɗa a sashen lantarki na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, da wuya bai taɓa ganin wani ɗan shuɗin allo mai suna Arduino ba. Da shi ɗalibai suke haɗa aikin kammala karatu, irin su famfon ban ruwa mai kunna kansa da ƙofa mai buɗewa da kati. A jikin allon akwai wani baƙin aisi, wanda shi kaɗai kwamfuta ce sukutum, da ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta. Ana rubuta umarni a kwamfuta, a jona allon da kebul, a danna maɓalli, umarnin ya koma cikin aisin. Wannan shi ne lodawa.

Sai wata rana a danna maɓallin, allon ya ƙi. Fitilarsa tana ci, jiya ma ya karɓa lafiya lau, amma yau wani jan rubutu ne yake jeruwa a ƙasan fuskar kwamfuta: "stk500_getsync() attempt 1 of 10: not in sync". Kwamfuta ta yi sallama sau goma ba a amsa ba, ta haƙura. Ɗalibin da saura kwana biyu ya kare aikinsa a gaban malamai, a nan ne yake yanke hukuncin cewa allo ya ƙone, ya shiga neman bashin sayen wani. Sau da yawa kuwa babu abin da ya ƙone. Kusan kowace hanya da allon nan yake bi ya ƙi karɓar rubutu, burbushi ce ta wata shawara da wasu mutane suka yanke a wata shekara saboda wata buƙata tasu. Wanda ya san shawarwarin ya san inda zai taɓa.

Mu fara daga lokacin da babu lodawar kwata-kwata. A 1974 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da aisin TMS1000, wanda ya shiga cikin injinan lissafi da kayan wasan yara da kayan gida. Umarninsa a masana'anta ake sassaƙa shi cikin silikon, lokacin da ake ƙera aisin. Idan an yi kuskuren layi ɗaya, duk abin da aka buga ya tashi a banza. Akwai wata hanyar da ta girme shi, wadda Wen Tsing Chow ya ƙirƙiro a 1956 saboda kwamfutar makami mai linzami na Atlas: ma'ajiya ce cike da ƙananan fis, ana rubutu a kanta ta hanyar ƙona wasu a bar wasu. Sau ɗaya ake rubutawa, tunda fis ɗin da ya ƙone ba ya dawowa. Daga can ne kalmar "ƙonawa" ta samo asali a wannan fanni. Har yau injiniyoyi suna cewa za su ƙona umarni a aisi, alhali babu abin da yake ƙonewa.

A 1971 Dov Frohman na kamfanin Intel ya kawo ma'ajiyar da ake iya wankewa, wato EPROM. A bayanta akwai wata 'yar taga ta gilashi mai ƙarfi, ana hango silikon ɗin ta ciki. Idan ana son goge rubutun, sai a zare aisin daga mazauninsa, a sa shi cikin wani akwati mai fitilar haske na musamman, irin hasken nan na rana da ido ba ya gani, a jira kamar minti ashirin. Daga nan a kai shi wata na'urar a rubuta sabon umarni, a liƙe tagar da takarda kada haske ya ci rubutun, a mayar da shi mazauninsa ana addu'ar kada ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsari: ka wanke, ka jira ya bushe, sannan ka sake rubutu. A haka mai rubuta umarni yake gwada gyaransa, harafi ɗaya ya ci masa rabin awa.

Abin da ya kawar da tagar daga Japan ya fito. Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya gabatar da wata ma'ajiya a 1984 wadda lantarki kaɗai yake goge ta, yanki guda a lokaci ɗaya. Wani abokin aikinsa ya ce saurin gogewar ya tuna masa da walƙiyar kyamara, sunan filash ya bi ta. Masu gyaran waya da suke cewa za su yi wa waya filashin, sunan da aka raɗa a ɗakin binciken Toshiba suke maimaitawa. A 1993 kamfanin Microchip ya fitar da PIC16C84 da ake gogewa da lantarki, masu sha'awar haɗa na'urori a gida suka rungume shi. Sai kuma wasu ɗalibai biyu a birnin Trondheim na ƙasar Nowe, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, suka tsara wata ƙwaƙwalwa da kamfanin Atmel ya kai kasuwa a 1997 da sunan AVR, da ma'ajiyar filash a cikinta. Jikokinta ne suke zaune a kan allon Arduino. Babbar fa'idarta ita ce ba sai an zare ta ba. Ana rubuta mata umarni tana zaune a wurinta, ta wasu layuka shida. Wanda ya duba allon Uno zai ga wasu tsinkayen ƙarfe shida a tsaye a gefe guda, an rubuta ICSP kusa da su. Ku riƙe su a zuciya, za mu dawo kansu.

Amma layukan nan shida suna buƙatar na'urar rubutu ta daban. A wancan lokacin Atmel yana sayar da tasa, sunanta STK500, tana da yaren da take magana da kwamfuta. Wani mai suna Brian Dean ya rubuta wata manhaja don amfanin kansa, wadda daga baya aka sa wa suna avrdude, ta iya wannan yare. Ana nan sai Atmel ya ƙara wa sababbin aisinsa wata baiwa, wato su iya rubutu a cikin ma'ajiyar kansu. Aka keɓe wani ɗan lungu a ƙarshen ma'ajiyar, inda za a ajiye ƙaramar manhajar da take fara tashi duk lokacin da aka kunna aisin. Ita ce butloda. Mu za mu kira ta maigadi, don aikinta ke nan. Da an kunna allo maigadi ne yake fara fitowa zaure, ya saurara na ɗan lokaci. Idan ya ji sallama daga kwamfuta sai ya karɓi sabon umarni ya shigar ciki. Idan bai ji ba, ya koma gefe ya bar tsohon umarni ya ci gaba da aiki.

Dabarar da aka yi ita ce, maigadin Arduino yana kwaikwayon muryar STK500. Avrdude tana zaton da waccan na'urar ta Atmel take magana. Sallamar lambobi biyu ce kacal, 0x30 da 0x20, amsar kuma 0x14 da 0x10. Wannan ne dalilin da ya sa jan rubutun yake ambaton sunan na'urar da ɗalibi bai taɓa gani ba, bai kuma taɓa saye ba. Abin da rubutun yake faɗa a taƙaice shi ne, an yi sallama ba a samu amsar da ake jira ba. Bai ce maigadi ya mutu ba. Mai yiwuwa ba a tashe shi ba, mai yiwuwa an zo bayan ya koma ciki, ko ana magana da saurin da bai saba ba, ko kuma hanyar ce ta yanke kafin a iso ƙofar. Kowanne daga cikin waɗannan yana da shekararsa.

Yanzu sai mu tafi Italiya, garin Ivrea da ke arewacin ƙasar, mahaifar kamfanin Olivetti. Waɗanda suka riski zamanin tafireta sun san sunan. A 2001 aka buɗe wata makarantar zayyana a garin, ɗalibanta masu zane ne da masu fasaha, ba injiniyoyi ba. Ana so su riƙa haɗa abubuwa masu motsi da haske, amma allon da ake amfani da shi a lokacin, BASIC Stamp, ya yi wa aljihun ɗalibi tsada. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Kolombiya, Hernando Barragán, ya ɗauki matsalar a matsayin aikin digirinsa na biyu, ƙarƙashin kulawar Massimo Banzi da Casey Reas. Ya kammala a 2004 da wani tsari mai suna Wiring: allo mai aisin ATmega128, da saukakakken yaren umarni da mai zane zai iya koya a yini guda. A 2005 Banzi da David Cuartielles da David Mellis da Gianluca Martino da Tom Igoe suka ɗora nasu aikin a kan Wiring, da aisi mai rahusa, ATmega8. Suka sa masa sunan wata mashaya da suke zama a garin, wadda ita ma sunan Arduin ta ci, mutumin Ivrea da ya zama sarkin Italiya a shekarar 1002.

Ba a sa Barragán cikin tawagar ba. Wiring buɗaɗɗen aiki ne, kowa yana da izinin ɗauka ya gina nasa, saboda haka babu dokar da aka karya. Amma kalmomin da miliyoyin mutane suke rubutawa a yau, irin su digitalWrite, daga aikinsa suka fito, kuma an daɗe ana ba da labarin Arduino sunansa yana can gefe, har sai da ya rubuta nasa ɓangaren a 2016. Mu da muke kuka da masu kwafe labari su cire sunan mai shi, mun san halasci daban ne, adalci daban.

Shawarar da ta fi shafar batunmu ita ce sa maigadi a kowane allo tun daga masana'anta, don kada ɗalibi ya buƙaci komai sai kebul. Shawara ce mai kyau, ita ce ma ta kai Arduino inda ya kai. Amma tana da farashi. Na farko, maigadi yana sauraro ne ta ƙafafu biyu na aisin, masu lamba 0 da 1. Su ɗin dai ne mai haɗa aiki yake sha'awar jona na'urar Bluetooth ko ta layin waya a kansu. Idan ya jona, murya biyu suke shiga kunne ɗaya, sallamar kwamfuta ta cuɗe da surutun wata na'urar. Allon da jiya ya karɓi rubutu yana tsirara, yau da aka yi masa kaya ya ƙi, a fara zare duk abin da yake kan 0 da 1.

Na biyu shi ne lokaci. A allunan farko, masu jona da tsohuwar kafar nan mai tsinkaye tara, mutum ne da hannunsa yake danna maɓallin riset ya tashi maigadi, sannan ya yi sauri ya danna lodawa. Don a ba shi dama, maigadi yana tsayuwa sakanni da dama a zaure, wanda ke nufin duk kunna allo sai an yi ta jira kafin aikin ya fara. A 2007 aka fitar da allon Diecimila, ma'anarsa dubu goma da Italiyanci, don murnar yawan allunan da aka ƙera. Shi ya zo da tashin maigadi kai tsaye. Aka ɗauko wani tsohon layi mai suna DTR, wanda tun shekarun 1960 ake amfani da shi a sanar da na'urar aika saƙo ta wayar tarho cewa an shirya, aka haɗa shi da ƙafar riset ta wata ƙaramar kafasita. Da kwamfuta ta buɗe hanya, layin ya faɗi, kafasitar ta ɗan taɓa riset, maigadi ya fito. Idan wani abu ya hana wannan taɓawar, ko kafasitar ta lalace ko an jona wani abu a ƙafar riset, maigadi yana nan lafiyarsa ƙalau, kawai ba a tashe shi ba ne. Maganin shi ne a koma 2005. A danne riset da yatsa, a danna lodawa, a saki daidai lokacin da kwamfuta ta gama haɗa umarnin ta fara aikawa. Akan yi gwaji biyu ko uku kafin hannu ya kama lokacin.

A 2010 Uno ya fito da sabon maigadi mai suna Optiboot, wanda Peter Knight ya rubuta. Tsohon yana cin bait 2,048 daga cikin kilobait 32 na aisin ATmega328, sabon kuwa 512 kacal. Yana jira kamar sakan ɗaya, kuma yana magana da saurin bit 115,200 a sakan, ninki biyu na tsohon mai 57,600. Yana da wata ɗabi'a mai amfani ga mai gyara: da an danna riset, fitilar da aka rubuta wa L takan yi ƙyafta uku da sauri. Wanda ya ga ƙyaftawar nan a kan Uno ya san maigadi yana raye, agogon aisin yana bugawa, matsalar tana wani wuri. Shi kuwa ƙaramin allon nan Nano ya ci gaba da tsohon maigadi har 2018, lokacin da kamfanin ya sauya masa zuwa sabon, aka kuma sauya manhajar kwamfuta ta riƙa sallama da sabon sauri. Masana'antun ƙasar Sin da suke buga kwafin Nano, wanda tsarin buɗaɗɗen aiki ya halasta musu, da yawansu sun ci gaba da zuba tsohon. Aka wayi gari mutane sun sabunta manhaja, allunansu sun daina amsawa. Kwamfuta tana zuba magana da ninki biyu na saurin da maigadi yake ji. Gyaran bai wuce danna biyu ba: a wurin zaɓen nau'in aisi, a ɗauki wanda aka rubuta wa "Old Bootloader". Tunda allunan da suka fi isowa hannun ɗalibanmu irin waɗannan kwafin ne, wannan layin ɗaya ya isa ya hana wani asarar kuɗin allo.

Akwai wani aibi da ba za mu wuce shi ba a zauren marubuta. Maigadin farko na babban allon Mega 2560 yana da wata ƙofar sirri da aka bari don masu bincike, mabuɗinta alamar motsin rai uku a jere. Idan mai rubuta umarni ya sa allon ya buga saƙo irin "An gama!!!", to a tsakiyar lodawa maigadi zai ci karo da alamomin nan uku, ya ɗauka kiransa ake yi zuwa ɗakin bincike, ya saki aikin da yake yi. Lodawa ta tsaya cak. Mutane sun sauya kebul, sun sauya kwamfuta, alhali cire alama ɗaya ya wadatar. An gyara aibin a maigadin da ya biyo baya. Editoci sun daɗe suna roƙonmu mu rage alamar nan, ga shi har na'ura ta goyi bayansu.

Duk wannan a bakin ƙofa ne. Saura hanyar da take kaiwa can. Aisin ƙwaƙwalwa na Uno da Nano bai iya yaren USB ba, don haka akwai aisi na biyu a kan allon, tafinta tsakaninsa da kwamfuta. Shekaru da dama tafintan da aka fi yarda da shi na kamfanin FTDI ne da ke Glasgow, mai suna FT232R. Da ya yi farin jini sai jabunsa ya cika kasuwa, har da tambarin kamfanin a jiki, mai saye ba shi da hanyar bambancewa da ido. Kowace na'urar USB tana gabatar da kanta ga kwamfuta da lambobi biyu, ta kamfani da ta kaya. Ta FT232R ita ce 0403 da 6001. A ƙarshen 2014 FTDI ya fitar da sabon direba, wato manhajar da take koya wa kwamfuta mu'amala da na'ura, ya bi ta hanyar sabunta Windows ya shiga kwamfutocin jama'a. Idan direban ya haɗu da jabu, sai ya shiga ma'ajiyar aisin ya mayar da 6001 ta koma 0000. Daga ranar allon ya zama marar suna. Ko an kai shi wata kwamfutar ba za ta gane shi ba.

A watan Oktoba na shekarar aka gano abin da yake faruwa, aka yi ca a kan kamfanin, ya janye direban daga Windows. A farkon 2016 ya dawo da wata dabarar: ya daina taɓa lambar, amma idan ya ga jabu sai ya riƙa cusa saƙon "NON GENUINE DEVICE FOUND!" a madadin bayanan gaskiya. Hujjar kamfanin ba a ɓoye take ba, shi ya kashe kuɗin bincike da rubuta direba, wasu suna cin moriya da tambarinsa. Amma bulalar ba ta sauka a kan mai buga jabu ba. Ta sauka a kan malamin makaranta da ɗalibi da mai ƙaramar sana'a, waɗanda suka biya kuɗinsu da zuciya ɗaya. A ganinmu ƙin yi wa jabu aiki haƙƙin kamfani ne, shiga kayan mutum a sauya masa ba da saninsa ba kuwa wuce gona da iri ne. Allunan da abin ya shafa ana iya dawo da lambarsu da wata manhaja, amma mutum nawa ne suka san haka kafin su jefar? A waɗannan shekarun ne masu buga alluna masu rahusa suka karkata ga wani tafintan, CH340, na kamfanin WCH da ke Nanjing. Shi ba jabun kowa ba ne, sai dai a wasu kwamfutocin sai an sauke direbansa da hannu. Idan an jona allo kwamfuta ba ta nuna sabuwar kafa ba, a juya allon a karanta sunan ƙaramin aisin da yake kusa da bakin USB.

Kafin a zargi direba ma, a zargi kebul. Cikakken kebul na USB wayoyi huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na bayanai. Da wayar hannu ta yawaita, sai kebul na caji zalla ya cika gari, mai wayoyi biyu kawai. Zai kunna fitilar allo tas, ya sa mutum ya rantse cewa an jona, amma ko harafi ɗaya ba zai wuce ba. Idan ana son tabbatar da lafiyar hanyar gaba ɗaya, akwai tsohon gwaji. A haɗa riset da ƙasa don aisin ƙwaƙwalwa ya yi shiru, a haɗa ƙafa 0 da ƙafa 1 da guntuwar waya, a buɗe tagar saƙo a kwamfuta a rubuta kalma. Idan kalmar ta dawo, kebul da direba da tafinta duk sun fita daga zargi.

A 2012 aka yi yunƙurin sallamar tafinta gaba ɗaya. Allon Leonardo ya zo da aisin ATmega32U4 wanda ya iya USB da kansa. An rage kaya, an rage kuɗi, allon har yana iya zama madannin rubutu ko linzamin kwamfuta. Amma tunda babu tafinta, babu mai jan layin DTR. Sai aka ƙirƙiro wata alama: kwamfuta ta buɗe hanya da saurin 1,200 ta rufe, allon ya gane cewa maigadi ake nema, ya fito da shi na sakan takwas. Matsalar ita ce, mai lura da wannan alamar yana zaune ne a cikin umarnin da kai ka loda. Idan umarninka ya rikice ya daskare, ya tafi da kunnen allon. Kwamfuta ma za ta daina ganinsa, kamar an zare kebul. Mai umarnin da ya sa allon ya yi ta buga haruffa ba tsayawa kuwa, zai ga allon ya ƙwace masa kwamfutar, yana rubutu a duk inda ya buɗe. A nan ma yatsa ne magani. A buɗe ƙaramin umarnin ƙyafta fitila, a danna lodawa, a danna riset lokacin da aka fara aikawa, a kama sakan takwas ɗin nan. A wasu allunan danginsa sau biyu ake dannawa da sauri.

To idan maigadin ne da kansa ya tafi fa? Yana faruwa, amma ba ta hanyar da ake zato ba. Ma'ajiyar filash ta ATmega328P an yi mata alƙawarin gogewa sau 10,000, wato mai lodawa sau goma kullum sai ya kusa shekara uku kafin ya kai. Lungun maigadi kuma a kulle yake, ko an zare kebul a tsakiyar lodawa umarnin ne yake lalacewa, shi yana nan. Abin da ya fi korar sa shi ne rubutu ta tsinkayen nan shida, domin wannan hanyar tana share aisin gaba ɗaya kafin ta rubuta, har da lungun. Ko kuma an sayo sabon aisi fari fat an dasa a mazaunin tsohon. Hanyar da ta kore shi ita take dawo da shi. Ana samun ƙaramar na'urar rubutu mai rahusa, USBasp, wadda Thomas Fischl ya tsara. Wanda ba shi da ita, wani Arduino mai lafiya zai iya zama na'urar idan aka loda masa umarnin ArduinoISP da yake cikin misalan manhajar. A haɗa wayoyi shida, a zaɓi "Burn Bootloader", kalmar 1956 ta sake fitowa, cikin sakanni maigadi ya koma bakin aikinsa. Ramin da ya fi wannan zurfi shi ne na saitunan da ake kira fis, waɗanda suke gaya wa aisin inda zai samu bugun agogo da kuma ko ƙafar riset za ta yi aikinta. Wanda ya kashe riset ya rufe har ƙofar shida ɗin, sai na'urar da take ɗora bolt 12 a kan ƙafar ce za ta buɗe. A kan Uno mai dogon aisi da ake zarewa, sauƙin shi ne a ɗaga shi a hankali a dasa wani, kamar yadda masu EPROM suke yi.

Masu ƙera alluna na baya sun kalli duk wannan sun ɗauki wata hanyar, wadda ta mayar da su can inda muka faro. Kamfanin Espressif na Shanghai, mai ESP8266 na 2014 da ESP32 na 2016, ya sassaƙa maigadinsa cikin silikon tun a masana'anta, irin ma'ajiyar TMS1000 da ba ta gogewa. Abin da a 1974 yake aibi ya zama kariya, tunda babu umarnin da zai iya share shi. Idan ESP32 ya ƙi karɓa, a danne maɓallin BOOT lokacin da kwamfuta take neman haɗuwa. Raspberry Pi Pico da ya fito a Janairun 2021 ya ƙara sauƙaƙawa. A danne maɓallin BOOTSEL, a jona kebul, allon ya bayyana a kwamfuta kamar filas ɗin ajiyar fayil mai suna RPI-RP2, a ja fayil ɗin umarni a jefa ciki. Ba a buƙatar direba, ba a kuma farautar sakan ɗaya da yatsa. Idan an yi haka bai bayyana ba, a sauya kebul, wataƙila na caji ne.